Gudumar da Na Miƙa wa Twyla

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya gwiwar Baba? Yana shan maganin, ko sai kin yi masa faɗa? Ni lafiya lau nake a Seoul. Ɗakin ƙarami ne, abinci ba ya shiga sosai, amma kada ki damu, ɗalibaina suna da kirki.

Takardar jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasarmu ta iso mini ta gidan waya, kwananta tara a kan tebur ban cike ta ba. Kin rubuto cewa Fasto Dwight ya sake kafa ƙananan gicciye farare a gaban coci, don tunawa da jariran da aka zubar. Tun da na karanta nake tuna zaɓen da ya wuce, ranar da muke taya shi kafa gicciyen, na miƙa wa ƙanwata Twyla guduma. Ta ce, "Yaya, hannuna ciwo yake." Na ce, "Raguwa, matan da suka kashe su ai hannunsu bai yi ciwo ba." Ta kafa ɗaya, ta je ta zauna a mota.

Mama, me ya sa sai bana kika gaya mini ba ɓari ta yi ba a shekarar, likitoci ne suka cire cikin don kada ta mutu?

Har gobe a wurina rai rai ne. Amma da na sani, da na haɗiye maganar nan.

Ki aiko mini garin masara idan kin samu hali. Ubangiji ya tsare ku.

Twyla ba ta ɗaukar wayata. Ranar Lahadi ki shiga da ita coci ta ƙofar baya. Kada ki ce ni na roƙa.

'Yarki,
Lorna