Fitilun da ka canza a kan teburin nama

Ɗana,

Na wuce mayanka tun da asuba, ban so in tashe ka ba.

Jiya da la'asar na tarar ka cire fitilun shago masu hasken rawaya-rawaya, ka sa waɗansu farare fat masu shuɗi-shuɗi. Har yanzu mamaki bai sake ni ba. Cinyar san da aka yanka da safe ta koma toka-toka a kan tebur. Matar likita, wadda uwarta ma a hannun mahaifina ta riƙa saye, ta juya naman ta ce, "Baba, anya wannan bai kwana ba?" Ta fita ba ta sayi komai ba. Tun zamanin kakanka ba a taɓa yi wa gidanmu wannan tambayar ba.

Ka mayar da tsofaffin kafin ka buɗe ƙofa, na gan su a kwali bayan firji. Fararen kuma ka kai su ɗakin baya inda ake wasa wuƙaƙe, can ne wurinsu.

Gwaggonka ma da ta leƙo, ta dube ni a ƙarƙashinsu ta tambaya ko jinya na yi. In ni mai rai haka suka mayar da ni, ina ga nama?

Mahaifinka