Abin da Ya Saura na Raƙumin Dawanka

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, ba kuma wanda zai karanta maka ita a zaure kamar na baya.

Na gama jami'a. Takardar tana cikin akwatin Inna, har yanzu ba a kira ni aiki ba. Sau huɗu ina zuwa buro, ofishin gwamnati a Yamai, kowane zuwa a ce in dawo. Gero bai yi ba bana, wake ne ya ɗan rufa asiri. Ƙanwata Rabi ta sauka lafiya, mace aka samu. Amma ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba.

Baba, na je dutsen.

Ka tuna hutun da na dawo daga kwaleji a Ƙonni? Kana bakin masallaci bayan la'asar, kana ba mutane labarin wani dutse can bayan Illela, mai zanen raƙuman dawa da shanu masu dogayen ƙahoni, ka ce ba hannun mutanen yanzu ba ne. Na tsoma baki na ce mushe, malaminmu, ya koya mana irin wannan zane sai Azbin, yankinmu babu, ba ya cikin littafi. Aka yi dariya. Ka dube ni, ka ce to, tunda littafi ya faɗa. Daga ranar ban ƙara jin labarin a bakinka ba. Shekara tara ke nan. Na yi ta ce wa kaina in na gama karatu zan roƙe ka ka kai ni. Me ya hana ni faɗa tun kana ji? Kalma nawa ce?

Baffa Altine, abokin kiwonka, shi ya kai ni. Ya tsufa ƙwarai, amma bai manta hanya ba. Daga Dogarawa muka hau mota zuwa Illela, daga nan amalanken jaki, sannan tafiyar ƙasa awa biyu da minti ashirin cikin busasshiyar ƙorama. Na tafi da littafin rubutu, da fensir, da mita ta awo. Na nemi aron na'urar ɗaukar hoto, ban samu ba.

Gaskiya ka faɗa. Sassaƙa su aka yi a jikin dutse, ba fenti ba ne. Sai dai kai ka ce raƙuman dawa biyar da garken shanu. Ni ramuka na tarar, masu santsi kamar cikin ƙwarya, goma sha ɗaya na ƙirga. Zanen raƙumin dawa ɗaya ya saura: ƙafafu huɗu, ciki, da rabin wuya. Kai babu. Daga kofato zuwa inda wuyan ya yanke, santimita saba'in da uku. Sau uku na auna.

Na tambayi Baffa wa ya yi wannan ɓarna. Bai ma gane abin da nake kira ɓarna ba. Ya ce ai magani ne. Saniyar da ta ƙi ɗaukar ciki, garin zanen ake kankarowa a haɗa mata da kanwa. Tun kakanni haka ake yi, kowa ɗan kaɗan. Bayan farin nan da ya ƙarar da dabbobi masu zuwa suka yi yawa, don kowa yana son garkensa ya dawo. Ya sa yatsa cikin wani rami, ya ce nan kai ma ka ɗiba, Baba, kuma maraƙin da aka samu shi ka sayar ka yi mani kayan shiga kwaleji. Don me ba ka gaya mani ba, Baba? Ranar da ake maka dariya ma kana sane da wannan?

Sai Baffa ya zaro ƙyalle daga aljihu. Ashe Inna ta yi masa saƙo kafin mu taso, saboda jar saniyarka. Ita kaɗai ta rage mana, damina uku ba ta haihu ba. Ya ce in tara masa ƙyallen. Na san duk abin da ya kamata in ce, an koya mani shi, na ci jarrabawa a kansa. Amma na taɓa gyara wa dattijo magana, ban iya yin na biyu ba. Na tara. Ya ɗauki tsakuwa ya kankare daga wuyan. Da ya juya baya na sake aunawa: saba'in da ɗaya.

Wa zan rubuta wa? In na aika Yamai da zanen fensir, abin da na ce maka shi za su ce mani. In kuma sun yarda, jandarma za a turo ya kori irin su Baffa. Kafin takardar ta fita daga buro na farko zuwa na biyu ma, ban ga abin da za a tarar ba.

Jiya da safe Inna ta dama garin da kanwa ta ba saniyar. Ina tsaye, ban hana ba. Unguwa duk ta sani, har mutum uku sun tambayi Baffa hanya, suna jiran su ga abin da zai faru. In saniyar ta ɗauki ciki, ƙafafun nan ba za su kai baɗi ba, kuma ba sauran abin da zan nuna wa waɗanda suka yi maka dariya. In ba ta ɗauka ba, Inna ba ta da komai. Na ɗaga hannu bayan sallar azahar, na rasa wanne zan roƙa, na shafa haka nan.

Ka yafe mani, Baba. Allah Ya haskaka makwancinka.

Ɗanka da ya yarda a makare,
Isufu