Ruwan Ɗumi Don Hawainiyarki

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarsa, ke da jaririyar da ke kwance kusa da ke. Ni ce, mahaifiyarki. Daga ɗakinki na unguwar Bronx nake rubuto miki, a kan teburin da kike ajiye kayan shayi, tukunya kuma tana kan wuta a bayana.

Ƙawayenki ne suka ce in rubuta su sa a shafinki na intanet, wai mutane na ta tambayar halin da muke ciki. Su karanta, ban hana ba. Ni dai da ke nake magana.

Kin san abin da ya kawo ni ƙasar nan. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, ke kuma ba halin ki zo Kano goyon ciki, shi ya sa na hau jirgi da tsufana don in yi miki wankan jego. Na ƙullo busasshen ganyen darbejiya da kanwa da gero. A filin jirgi ma'aikata suka karɓe ganyen, na yi ta bayani da hannu, ba wanda ya gane abin da nake faɗa.

Kashegari kika kai ni wani shago a titin Fordham Road, kina tafe kina haki da tsohon ciki, na zaɓi tukunya mafi girma a shagon. Tun a hanyar dawowa muka fara musu. Kika ce, "Mama, doctor ta ce no tafasasshen ruwa, no kunun kanwa, jinina yana hawa." Na ce likitar ai ba ta taɓa haihuwa ba. Kika ce 'ya'yanta uku. Na yi shiru ne kawai don muna cikin bas, ba don kin ci ni ba.

Ranar da na fara shiga falonki kuwa saura kaɗan in saki jakata in koma. Keji na waya a kusurwa, ya kusa kai tsayina, da 'yar bishiya a ciki da fitila a sama, ga hawainiya kwance a kan reshe tana juya min ido. A garinmu ko a hanyar gona aka gan ta kauce mata ake yi, ke kuma kin ajiye ta a inda ake karɓar baƙi. Kika ba ni labarin tsohon baturen da kike jinya a gidansa, yadda ya mutu, 'ya'yansa suka fito da kejin bakin titi tare da tsofaffin kujeru a cikin sanyi, ke kuma kika kasa wucewa. Har suna kika raɗa mata, Hajiya Sannu, saboda tafiyarta. Na ce ki ji tsoron Allah, mutane na tara kuɗi shekara da shekaru kafin a kira su Hajiya.

Ke kika koya min cewa ba ta shan ruwa a kwano, ko da ƙishi zai kashe ta. Sai raɓar da ke kan ganye take lasa. Shi ya sa safe da yamma kike cika 'yar kwalba mai fesawa, ki yi ta fesa wa ganyen har ya riƙa ɗiga. Na taɓa kwalbar na ji ta da zafi, na ce za ki dafa ta. Kika ce, "A cikin bottle dole ya yi zafi, Mama, kafin ya isa jikinta iska ta shanye zafin. In kika zuba mai ɗumi-ɗumi, na sanyi ne zai sauka mata. Ki gwada a fuskarki, ba a yatsa ba."

Na ce to wannan ai shi ne wankan jegon da kike gudu. Ruwan cikin tukunya yana ƙona hannu, amma in aka tsoma ganye aka yarfa, abin da ke sauka a baya jiki yana iya ɗauka. Kika yi dariya har kika riƙe ciki, kika ce, "Shi ke nan, sai ki haɗa ni da Hajiya ki yi mana jego tare."

Ban yi dariya a gabanki ba, sai da na shiga kicin. Haka muka saba, ni da ke. Ke ce ta fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ana yaye ki kakarki ta ɗauke ki. Na gan ki kina faɗuwa a tsakar gida na kau da kai, wata ta ɗaga ki. Ranar aurenki ma a ƙuryar ɗaki na zauna. Jego ne kaɗai lokacin da zan ɗora hannuna a bayanki safe da yamma har kwana arba'in, ba mai cewa ba ni da kunya. Tun ranar da aka haife ki nake jiran kwanakin nan, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Da hantsi ne kika ce kanki na sarawa, kina ganin walƙiya a ido. Kafin mijinki ya iso daga wurin tuƙi jikinki ya fara karkarwa. Da masu motar asibiti suka ɗauko ki a kan gadonsu, a bakin ƙofa kika buɗe ido, kika nemo ni, kika ce, "Mama, Hajiya. Kar a ba ta na sanyi." Ban sake jin muryarki ba. Suka yi miki aiki suka ciro yarinyar, ke ba ki farka ba, ita ma ta bi ki kafin ranar suna.

A wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa aka yi miki wanka, a gidan da ake shirya gawa. Matan masallaci suka ce uwa ta zauna a waje, na zauna. Cikin masu wankan har da maƙwabciyarki Mma Zuwera, 'yar Kumasin nan da ke kawo miki shinkafa da wake. Da ta fito tana goge hannu, abu ɗaya na tambaye ta, ko ruwan da ɗumi. Ta ce da Hausarsu ta Zango, "Hajiya, ka yi haƙuri. Hot water bai aiki yau."

Na ƙetare teku don in yi miki wanka da ruwan zafi, aka wanke ki da na sanyi ina zaune a bayan ƙofa. Malamai sun ce wankan ya yi, na kuma yarda da su. Amma har yau in na buɗe famfo sanyin ya taɓa hannuna, sai in yi sauri in rufe shi.

A satin zaman makoki na'urar da ke ɗumama ginin nan ta mutu. Ba ɗumi a ɗakuna, ba ruwan zafi a famfo, mai gida kullum amsarsa gobe. Masu ta'aziyya da rigunan sanyinsu suke zama, numfashi na fita kamar hayaƙi. Mijinki ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yana fesa wa Hajiya ruwa idan ya tuna, amma mutumin da ya rasa mata da 'ya a sati guda ba ya sanin zafin ruwa. Da baƙi suka watse na duba kejin, na tarar da Hajiya ta koma baƙa ƙirin, ta maƙale a ƙarƙashin fitila, idanunta sun faɗa ciki.

Mma Zuwera ta ce mu fitar da ita. Ta ce, "Abun nan ne ya kawo mutuwa gidan nan, ku throw away shi." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma wata biyu da suka wuce da ni zan fara faɗin haka. Amma sai na ji raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata mutuwa Allah ke kawo ta, wannan kuwa amana ce, duk wanda ya taɓa kejin nan ni ya taɓa. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu a kan matakala.

Mijinki ya sa Hajiya a kwali, ya cusa cikin rigarsa ya kai ta wurin likitan dabbobi. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ya ce, "Mama, sun ce ƙishirwa ce. In ba ta sha ba, kwanakinta kaɗan ne."

Daga nan tukunyar jegonki ta samu aiki. Ina tafasa ruwa, in sirka, in cika kwalbar, amma sanyin gidan nan ya fi ni sauri, kafin in fito daga kicin zuwa falo ta fara hucewa. Na gwada fulas ɗin shayinki. Na gwada soke kwalbar a ƙugu cikin zani, kamar yadda mata ke ɓoye lalita. Na jawo hita kusa da kejin, na lulluɓe gefensa da bargonki. Ina fesawa a fuskata kamar yadda kika ce, har sai na ji ɗumin ya yi daidai.

Duk da haka ta ƙi sha. Da ta ji ƙarar fesawar sai ta juya baya ta ja jiki ta ɓuya a bayan reshe. Ina jin hannunki ta sani, nawa baƙo ne. Sai ta kafe ni da ido ɗaya, ɗayan kuma yana kan ƙofar shigowa. Ban ga laifinta ba, ni ma duk motsin da na ji a matakala sai na ɗaga kai.

Ba zan ce ina son ta ba, kar in yi miki ƙarya. Har yanzu in ta miƙo 'yan yatsun nan nata tsigar jikina tashi take yi. Amma abu ɗaya kika roƙe ni a duk rayuwarki, kuma ina kallo yana neman kuɓuce min.

Jiya da safe kwalbar ta lalace. Na matsa, na matsa, hannunta ya karye a tafina. Mijinki ya fita aiki, ni ban san hanyar shago ba, ban kuma san sunan abin da turanci ba. Na tsaya a tsakiyar falo, tukunya na tururi, Hajiya tana reto a kan reshe da ƙafa biyu kawai, sauran sun saki.

Sai idona ya kai kan ɗaya bishiyar da kika ajiye a bakin taga, irin ta cikin kejin. Na yanko rassa masu ganye, na ɗaure gindinsu da zare, yadda ake ɗaure ganyen wanka. Na kinkimo tukunyar na dire a gaban kejin, na sirka kaɗan, na buɗe ƙofar. Na tsoma ganyen, na kaɗe sau ɗaya, na yarfa a fuskata. Ya yi daidai. Na yi bisimilla na yarfa sama da kanta.

Ba ƙara, ba fesawa, ruwa ne kawai ke sauka ta cikin ganye da ɗuminsa. Ba ta gudu ba. Na sake tsomawa na sake yarfawa, hannuna ya kama aikin da kansa, dama, hagu, kamar yadda uwata ta yi min lokacin da na haife ki. Tururi ya cika kusurwar, darduma ta jiƙe, hannun rigata ya jiƙe, ban tsaya ba. Can sai ta ɗaga kai, ta buɗe baki, ta lashi ɗigon da ke rataye a bakin ganye. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta ƙara, ta ƙara, kore ya fara dawowa a gefen cikinta.

A lokacin na ji ana kiran suna a ɗakin, da ƙarfi, ana maimaitawa. Sai da na saurara na gane muryata ce. Rabi'atu. Rabi'atu, 'yata. Ba kowa a gidan, ba wanda zan ji wa kunya, na yi ta kira ina yarfa ruwa har tukunyar ta huce. Ko a asibiti ban yi kuka irin na jiya ba.

Yau ma ta sha, safe da yamma. Sai dai iznin zamana ya ƙare, ranar Juma'a zan koma, kuma ba a shiga jirgi da hawainiya. Ɗazu na sa mijinki ya riƙe ganyen na nuna masa. Ya gwada yarfawa, ya ce, "Mama, zan yi, in sha Allahu." Na san da gaske yake. Na kuma san tun asuba yake fita da mota, ba ya dawowa sai ya gaji liƙis, ginin nan har yanzu ba ɗumi, sanyin kuma sun ce da sauransa. Ban sani ba ko za ta kai bazara. Tukunyar dai zan bar masa ita, ba ni da wadda zan yi wa amfani da ita a Kano.

Rabi'atu, Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya karɓi shahadarki. Allah Ya sa 'yarki ta zame miki mai ceto, Ya ba mijinki haƙuri da dangana. Allah Ya kare ku daga sanyin ƙasar da aka binne ku, Ya haɗa ni da ke a inda zan kira sunanki ki amsa. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
wadda ta zo yi miki wanka.