Tokar da Maƙwabta Suka Kwashe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Majalisa mai duba ƙudirin dokar biyan inshorar gobara.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kai da iyali kuna lafiya. A rediyo na ji kuna neman ra'ayin jama'a kan wannan ƙudiri. Ni ba lauya ba ce, malamar firamare ce a Birnin Gwari, kuma saboda mahaifina na ɗauki biro.

Baba hatsi yake sayarwa. Shekara da shekaru yana sayen masara da dawa a hannun manoman Randagi da Kazage yana tarawa a shagonsa. Da ya karɓi rance, banki ya ce sai ya yi inshora. Bai so ba, ni na lallashe shi, kuma bai taɓa tsallake biya ba. Bara bayan kaka, ranar Juma'a ana masallaci, wayar lantarki ta yi tartsatsi, shagon ya ƙone ƙurmus.

Na ɗaya. A garinmu ba a barin mutum ya zauna yana kallon tokar dukiyarsa. Washegari Baba Dogo, amininsa tun suna samari, ya tara maƙwabta da shebur da baro. Kafin azahar sun kwashe komai, sun share, har sun fara aza sabon kwano. Mata suka kawo kunu. Ranar na ga hawayen Baba, kuma ba na hatsin ba ne.

Na biyu. Jami'in kamfanin inshorar bai zo ba sai bayan mako bakwai. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san halin hanyar dajin nan, shi ma yana da 'ya'ya. Amma da ya tarar da wurin fes, sai ya rubuta cewa an ɓatar da shaida. Ko sisi ba a ba mu ba. Na yi ta buga musu waya har na haddace kiɗan da suke sa wa mai jira.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Tun da Baba Dogo ya ji dalilin hana mu, ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Kunya yake ji, gani yake shi ya ja wa amininsa asara. Kullum da la'asar Baba yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya zauna a gefe guda, ya bar ɗaya gefen. Banki na nan yana jira, amma wallahi Baba ya fi yawan maganar Dogo a kan maganar bashin.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙo. A sa wa kamfani wa'adin zuwa duba gobara. In hanya ta hana, a karɓi hoton waya da shaidar mai unguwa da sarkin kasuwa. A karanta wa mutum sharuɗɗa da Hausa kafin ya dangwala yatsa, domin da an ce mana kada a taɓa toka, da mun ba maƙwabta haƙuri. In kuma an saɓa, a saurari ƙara a kusa, kada a ce tsoho ya bi wannan hanya zuwa Kaduna.

Ko kuɗinmu ba su fito ba, ina son ranar da zan yi sallama a gidan Baba Dogo in ce masa bai yi laifi ba, doka ma ta faɗa, ya taso tabarma na jiransa.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare gidanka daga wuta, ya ba ka maƙwabta irin namu.

Wassalam.

Hajara Isa,
Birnin Gwari.