Allurar da Kika Bari a Hulata

Zuwa ga Hajara, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka inda kike. In kin tambaye mu, muna nan Agege yadda kika bar mu. Jirgin ƙasa na wucewa yana girgiza tagogi, damina kuma ta sauka, komai na ɗaki sai warin raɓa.

Na san ba za ki karanta ba. Masu bin shafina ne za su karanta, cikinsu har da yarana na kasuwa da ba su taɓa ganin hawayena ba. To, su karanta. Ni ne Sule, wanda ya sauka kasuwar Mile 12 da riga ɗaya da ilimin aji uku na sakandare, ya yi dakon tumatir har gashin tsakar kansa ya ƙare, ya yi yaron mota a Apapa, yau kuma motocinsa ne ke sauke albasa daga Arewa. Ba wanda ya ɗora ni sai Allah. Amma akwai maganar da ba ni da wanda zan kai wa sai ke, don ke ce mai ita.

Maganar hular nan ce.

Duk zamanmu, hulunan da kika ɗinka zanen wasu kike bi. A sayo ƙyalle wurin mai zane, ya riga ya ja layukansa da biro, ke kuma ki bi da zare. Ba don sayarwa kike yi ba. Ni ban taɓa barin gidana ya nemi kuɗin hula ba, kin sani. Kyauta kike rabarwa, ga liman, ga angwaye, ga direbobina in sun yi Sallah da mu. Sai ranar da na dawo na tarar da ke a tabarma da farin ƙyalle da biro da murfin kwalba, kina zana da'ira cikin da'ira. Na ce mene ne wannan? Kika ce, "Mai albasa ai sai hular albasa. An yanka ta biyu, ga zobbanta nan." Na ce to yanzu har a kaina ma sai an san sana'ata? Kika ce, "Dama ana ji a jikinka, Alhaji. Gara a gani."

Wannan ce hula ta farko da kika zana da hannunki. Kin wuce rabinta, da zare kalar albasa da ruwan toka. Wata rana da hantsi kika soke allurar a jikin ƙyallen, kika ce bari ki ɗan kwanta, kanki na sarawa. Daga nan sai asibiti. Daga asibiti sai maƙabarta.

Na ɗauki hular yadda take, da allurar, da zaren da ke reto, na sa a akwatina. Na hana kowa taɓawa.

Hajara, kin tuna maganarki da kika ishe ni da ita? Duk inda kika ga zare ya ratsa wani abu, sai ki ce, "Wannan ma aikina ne."

Muna cikin danfo, lokacin ba mu da motar kanmu, kowa na fama da zafi da ihun kwandasta, ke kina shafa ɗinkin kujerar gabanki da yatsa. Wannan ma aikinki ne.

Na kai ki Apapa ki ga tirelata ta farko, ina ta faɗi ina ƙarawa, na waiwaya na ga kin ba motar baya. Kina tsaye kan wani dattijo mai facin tamfol, kina kallon ƙatuwar allurarsa kamar ki ce ya ba ki aro. Ranar na yi fushi, ban ɓoye ba. Kika ce mota ai ƙarfe ce, gobe ma tana nan.

Ranar da ƙarfen bodin mota ya tsaga mini hannu aka ɗinke a asibiti, ni ina cije baki, ke kin sunkuya kina ƙirga ɗinkin. Kika ce wa ma'aikaciyar hannunta na da kyau, har ta yi dariya. A hanyar gida kika ce, "Ashe har mutum ma ana ɗinkewa ya warke. Da na yi karatu, da wannan zan zaɓa."

Wani lokaci malamar ɗinki kike so ki zama, a makarantar 'yan mata. Wani lokaci mai zanen hula, ki zauna da biro mata su riƙa bin layinki. Amma wanda ya fi zama a ranki shi ne manyan gidajen ɗinki na tsallaken gada, masu yi wa agbada, babbar rigar Yarabawa, da kayan amare aikin hannu. In muka je bikin Yarabawa, kowa na kallon makaɗa, ke ƙirjin rigunan mutane kike kallo. Kin taɓa cewa, "A ce a ba mutum kujera da fitila mai haske, a ce ba abin da ake nema gare shi daga safe zuwa yamma sai ɗinki. Alhaji, wannan ai ba aiki ba ne, gata ne." Sai yaro ya yi kuka ko tukunya ta tafasa, ki soke allura ki tashi.

Bayan rasuwarki mata sun zo gaisuwa. Hajiya Talatu, wadda duk unguwa aka yarda ba wadda ta kai ta ɗinkin hula, ta ce in ba ta hular ta ƙarasa mini. Na fito da ita don kada ta ce na raina ta. Ta juya ta gaba da baya, ta mayar mini. Ta ce, "Alhaji, wannan hannun hagu ne. Zarenta ta ɗaya gefen yake kwanciya. Duk wadda ta sa hannu cikinmu, sai an ga tabo." Raina ya yi sanyi da jin haka. Na ce shi ke nan, ba mai iya taɓa ta.

Na manta da Ummi.

Kin san autarmu da hagu ta zo, irin taki. Marigayiya Inna, mahaifiyata, ta yi ta buge mata hannu a bakin kwano har ta koma cin abinci da dama. Makaranta ta mayar da rubutunta dama. Ranar da Inna ta ga yarinyar da allura a hagu ta ɗaga murya, ke da ba ki taɓa mayar mata da magana ba kika durƙusa kika ce, "Inna, ci da sha mun bi, da dama take yi. Allura kam a bar mata." Inna ta harare ki, ta ce uwa da 'ya duk kanku ɗaya. Amma ta bari.

Tun da kika tafi Ummi ba ta taɓa allura ba. Ko maɓalli ya cire, tela take kai wa. Ta gama sakandare, tana gida, tana dafa mini abinci, tana ramewa. Yayyenta kowa na gidansa. Ni da ita ne kawai a gidan nan, muna wuce juna a tsakar gida kamar baƙi masu ladabi.

Sai ga Iya Kafaya, maƙwabciyarmu, da magana. 'Yar ƙanwarta na aiki a ɗaya daga gidajen nan na Lekki da kike mafarki. Madam ɗinsu ta ga wata tsohuwar hularki a kan mijin Iya Kafaya a wurin biki, ta tambayi wa ya yi. Aka ce mai ita ta rasu, amma ta bar 'ya. Ta ce a kawo 'yar da aikin hannunta sabo, in ya yi mata za ta ɗauke ta. Saboda cunkoson hanya, can za ta riƙa kwana tare da 'yar ƙanwar, sai ƙarshen mako ta zo gida.

Na sayo wa Ummi ƙyalle da zare kala-kala, mafi tsada a kasuwa. Ta zauna da su, ta tashi, ta sake zama. Ko ɗinki ɗaya ba ta yi ba. Rannan bayan La'asar ta durƙusa gabana ta ce, "Baba, farin ƙyalle tsoro yake ba ni. Amma in na bi bayan Mama, zan iya. Ka ba ni hular."

Na ce a'a. Da muryar da nake yi wa direbobi na faɗa.

Ta ce, "To, Baba." Ta tashi. Wallahi Hajara, an zage ni a Legas da harsuna uku, ban taɓa jin abin da ya soke ni kamar wannan "to" ɗin ba.

Ki fahimce ni. Allurar nan ita ce abu na ƙarshe da kika ajiye da niyyar dawowa. Kayanki an raba, turarenki ya bar ɗaki, muryarki da ke wayata ina tsoron saurara. Amma muddin allurar na soke a wurin, a raina kin ɗan kwanta ne, kanki na sarawa. In aka zare ta, kin tafi. In kuma aka ƙarasa hular, Ummi ma ta tafi, na rage ni kaɗai da ƙarar jirgi. A masallaci har wani ya ce mini, 'yar Alhaji guda da aikin ɗinki a gidan wasu? Na ce masa uban 'yar dako ya yi, kuma bai roƙi kowa ba. Na iya amsa wa mutane. Kaina ne na kasa amsa wa.

Ranar Juma'a da safe na buɗe akwati zan ɗauki riga, na warware hular don in gaishe ki, kamar yadda na saba. Na kai ta bakin taga. Hajara, damina ta shiga akwatin. Ke da kike ajiye alluranki cikin gwangwanin hoda saboda iskar garin nan, ni ban yi tunanin haka ba. Allurar ta yi tsatsa, jan ya fara bin ƙyallen. Layukan biro na ɓangaren da ba ki ɗinka ba sun dushe, wasu zobban sai na kanne ido kafin in gan su. Zanenki ɗaya tak a duniya, yana ɓacewa a hannuna, ni kuma ina cewa adana shi nake yi.

Na kira Ummi. Na miƙa mata hular. Ta karɓa da hannu biyu. Ta duba ta ce tana ganin layukan, kuma tana zaune gefenki ranar da kika zana su.

Ban tsaya na ga an zare allurar ba. Na sa takalmi na tafi masallaci tun ba a yi kiran farko ba. Da na dawo na tarar da ita a tabarmarki, ƙafa a miƙe, kai a karkace, hannun hagu na hawa yana sauka, tana cije leɓen ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe bango. Tsohuwar allurar kuma ta sa mini ita a gwangwanin hodarki, ta ajiye a kan matashina.

Ta gama. An haɗa, an kai wa masu wanki sun sa sitaci sun buga ta ta tsaya. Iya Kafaya ta raka ta Lekki. Ta ce Madam ba ta ma fara duba gaban ba, juya cikin ta yi, ta daɗe tana shafawa, sannan ta tambayi Ummi yaushe za ta fara.

Da suka dawo da hular na sa tabarau na fita rana da ita. Ina neman wurin da kika tsaya. Na bi zobe bayan zobe, na juya, na sake juyawa. Tabon tsatsar ma zare ya rufe shi. Hajara, na neme ki ban gane inda kika ƙare ba. Hannu ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Na zauna a kan dakali, ƙato da ni, mai motoci, ina kuka a gaban masu wucewa.

Ummi ta fito ta tsuguna kusa da ni. Ta ce, "Baba, ni na san wurin. In nuna maka?"

Na daɗe ina kallon hular. Na ce mata a'a, ta bar shi.

Ranar Lahadi zan kai Ummi Lekki da kaina. Zan sa farar shaddata da hular albasa, mu haye gada, duk wanda ya tambaya in ce masa matata ce ta zana. An ce akwai kujera, akwai fitila mai haske, kuma ba abin da ake nema gare ta daga safe zuwa yamma sai ɗinki. Wannan ma aikinki ne, Hajara. Ya zo, bai same ki ba, ya sami hannunki.

Gidan zai yi shiru. Zan saba, ko kada in saba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa duk hular da kika bayar aka yi sujada da ita ta zama haske a kabarinki. Allah Ya tsare mana Ummi a inda za ta, Ya sa albarka a hannunta, Ya haɗa ta da mutanen kirki. Ni kuma Ya ba ni haƙuri, Ya sa in cika da imani, Ya sada ni da ke a gidan da ba a soke allura a tashi. Amin.

Mijinki har gobe,
Sule mai albasa,
Agege.