Jemagun Kogona Ba Su San Lokacin Tashi Daga Ofis Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kare Wuraren Tarihi na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka masu ƙwazo, musamman wanda ke riƙe da makullin kogona.

Sunana Manu, manomin albasa a gefen Karaye. A ƙarshen gonar da na gada akwai dutse mai kogo, kuma jemagu na zaune a ciki tun kafin a haifi kakana. Kashinsu taki ne da babu irinsa wajen rainon irin albasa. Dokar gidanmu a kan kogon ba ta da yawa. Sau ɗaya a shekara, bayan an kai amfanin gona gida, manoma daga Jiga Birni da Alelu kan zo, kowa ya ɗebi kwando guda. Ba a shiga da wuta, ba a kuma shiga lokacin da jemagu ke goyo. Fulani makiyaya kan fake a bakinsa idan hadari ya taso. Da haka muka zauna, ba takarda ba tambari.

Laifin farko nawa ne, ba zan ɓoye ba. Da wasu baƙi suka fara zuwa da buhuna suna kwasar takin, suna turara hayaƙi don su kori jemagun, ni da ƙafata na zo ofishinku neman taimako. Na roƙi a sa ƙarafa masu tazara a bakin kogon, yadda mutum ba zai wuce ba amma jemage zai wuce. Kun saurare ni da kyau, har an ba ni ruwan sanyi. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Kun kawo ƙofar ƙarfe rufaffiya ruf, irin ta shagunan kasuwar Jega, wadda ko iska sai ta nemi izini. Na yi magana, sai sakatarenku ya ce ƙofa mai huji ba ta dace da martabar kwamiti ba. An shafa mata fenti, an kafa allo, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto. A hoton ana ganin kafaɗata ta hagu, na gode.

Na biyu. Kun ajiye mai gadi, dattijo mai gaskiya, kuka ce ya buɗe ƙarfe takwas na safe, ya rufe ƙarfe huɗu na yamma, ban da Asabar da Lahadi. Ranka ya daɗe, da alama ba a aika wa jemagun sanarwa ba. Su a jahilcinsu da magariba suke fita neman abinci, su dawo da asuba. Yanzu ana buɗe musu ƙofa suna barci, a rufe kafin su farka. Na yi wa mai gadin bayani har muryata ta dishe, ya ce mini: “Malam Manu, ni abin da anka ce min shi ni ka yi. Ƙarhe huɗu in kulle.” Ban ga laifinsa ba.

Na uku. Ni mai gonar, sai na cike fom kafin in shiga. Fom ɗin na tambayar ƙasar da na fito da dalilin ziyarata. Na rubuta cewa daga bukkar da ke kallon kogon na fito. An dawo mini da shi wai ban cike gurbin otal ɗin da na sauka ba. Manoman da ake bai wa kwando guda tun zamanin iyayensu an ce su kafa ƙungiya tukuna. Wani Bafulatani, Jauro, wanda mahaifinsa da mahaifina suka sha fura a bakin kogon nan, ruwan sama ya yi masa dukan tsiya a gaban allon da aka rubuta barka da zuwa.

Na huɗu, kuma a nan dariya ta ƙare mini. Litinin ɗin da ta wuce na tsaya har aka buɗe. A bayan ƙofar, daidai inda ɗan haske ke shiga ta ƙasa, jemagu ne a zube, sun taru a wurin suna neman hanya har ƙarfinsu ya ƙare. Wasu da 'ya'yansu manne a ƙirji. Ni da mai gadin muka kwashe su da tsintsiya da kwando, muka binne. Ban ƙirga ba, zuciyata ba ta ba ni ba. Na ji kunyar mahaifina, wanda ya bar mini wurin nan cike da rai, ni kuma na je na kira masu ilimi. A can ƙuryar kogon har yanzu ina jin ɗan motsi. Saboda wannan motsin na rubuto.

Roƙona kaɗan ne. A cire ƙofar nan kafin Juma'a, domin waɗanda suka rage ba za su iya wani hutun ƙarshen mako ba. A sa ƙarafan da na roƙa tun farko, mai walda na nan Maiyama ya ce aikin wuni ɗaya ne. A ba ni makulli guda. A bar manoma da makiyaya a kan dokar da suka sani. Allon ku bar shi, yana ba awaki inuwa.

Idan kuma sai kwamiti ya zauna ya kafa ƙaramin kwamiti, to ina taya ku murna tun yanzu. Nan da mako biyu kogon zai samu cikakkiyar kariya, don ba abin da zai rage a ciki da wani zai cutar.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama aiki lafiya, Ya kuma tsare ka da zama a bayan ƙofar da makullinta ke hannun wani.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Manu, manomin albasa,
Gefen Karaye.