Ƙorafi kan Tankin Iskar da Ya Ci Ran Malam Ɗanjuma

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Lafiya, Ƙaramar Hukumar Maigatari
Daga: Sharifa Dalhatu, matar marigayi Malam Ɗanjuma, Ɗanzomo
Kwanan wata: 24 ga Fabrairu, 2025

Game da: Rasuwar majinyaci a wani asibiti mai zaman kansa da ke kan hanyar Gumel

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, mai ƙorafi na cikin takaba, shi ya sa takarda ta zo a madadin ƙafarta.

1. Ranar Alhamis, 13 ga Fabrairu, ta kai mijinta asibitin da mura mai sarƙe ƙirji. Mai asibitin, Habibullah, ya ce ƙwayar cuta ce, maganinta a rufe mutum cikin tankin ƙarfe a matsa masa iskar oksijin. An tambayi sunansa da garinsu. Ba wanda ya tambayi ko ya ci abinci.

2. Malam Ɗanjuma mai ciwon sukari ne, kuma bai taɓa barin azumin Alhamis ba, ko da ciwo ya kwantar da shi. Da bakin azumi aka kulle shi a ciki.

3. Ta ƙaramar tagar tankin mai ƙorafi ta ga gumi ya jiƙe shi, sannan jikinsa ya hau fizga. Ya yi ta buga kansa da ƙarfe, ya datse harshensa, jini ya ɓata gilashin har ta daina ganin fuskarsa. Ta roƙi a buɗe, aka ce ƙofar ba ta buɗuwa sai iska ta sauka.

4. Ƙanenta Abdulganiyu ya rarumi benci zai fasa tagar. Masu gadi biyu suka rufe shi da gora, suka karya masa hannu, ita kuma aka hankaɗa ta sai da haƙorinta ya fita. Ƙarfin da aka rasa na buɗe ƙofa, an same shi na dukan mace.

5. An fito da shi ba ya motsi, ya cika a hanyar kai shi asibitin Gumel. Likitan da ya duba gawar ya shaida mata cewa irin wannan iska na saukar da sukarin jini, don haka ake auna shi, a kuma ciyar da majinyaci kafin a shigar da shi.

Mai ƙorafi ta yarda kwana ne ya ƙare. Amma zuciyarta na tafasa, kuma ba ta yafe ba.

Tana roƙon Mai Girma Darakta ya sa a rufe tankin, a binciki Habibullah da masu gadinsa. Har yau asibitin na karɓar masu tari, kuma Ramadan saura kwanaki. A watan, kusan duk wanda zai shiga tankin mai azumi ne.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon yin adalci.

Mai biyayya,
Sharifa Dalhatu